Zuwa ga Edita: Mai ƙaura zuwa Abuja ya lissafa hanya da ruwa da wuta kafin ya biya haya

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida domin mu yi magana da 'yan'uwa waɗanda sabon aiki, ko canjin wurin aiki, ko kasuwanci ke ɗaukowa daga Kano, Katsina, Sakkwato, Bauci, Gwambe da sauran garuruwa ya kawo su Abuja. Harkar gidajen haya a wannan birni ita ce sana'armu, kuma kuskuren da ya fi damunmu guda ɗaya ne: baƙo yakan zaɓi unguwa da kuɗin hayarta kawai. Ya tambaya nawa ne ciki da falo, aka faɗa masa, ya ga aljihunsa zai ɗauka, ya biya na shekara. Bayan wata biyu sai ya gane cewa hayar ita ce ƙaramin abin da unguwar ke karɓa daga hannunsa, kuma kuɗin da ya riga ya biya ba mai dawo masa da su.

A fara da hanya, don ita ce ta fi cin mutane. Akasarin masu aiki a Abuja ba a tsakiyar birni suke kwana ba. Maitama da Asokoro da Wuse II ba na ƙaramin ma'aikaci ba ne. Jama'a na shigowa ne kowace safiya ta manyan hanyoyi uku. Akwai hanyar Keffi, wadda ke kwaso mutanen Masaka, Ado, Mararraba, Nyanya da Karu, har da na Jikwoyi, Kurudu da Orozo, ta haura da su Kugbo ta zube su a shataletalen AYA. Akwai babbar hanyar Kubwa, mai ɗauko na Suleja, Madalla, Zuba, Dei-Dei, Kubwa, Dutse da Dawaki. Sai hanyar filin jirgin sama, ta mutanen Gwagwalada, Kuje da Lugbe. Dokar farko ita ce mutum ya nemi gida a ɓangaren da wurin aikinsa yake fuskanta. Mai aiki a Asokoro ko Garki ya duba Karu da Nyanya. Mai aiki a Utako, Jabi ko Wuse ya duba Kubwa, Dutse, Dawaki ko Karmo. Mai aiki a filin jirgi ko Idu ya duba Lugbe da abin da ke kewaye da ita. Wanda ya kama gida a Masaka alhali yana aiki a Jabi ya ɗora wa kansa ratsa birni daga wannan baki zuwa wancan sau biyu kullum, da mota uku ko huɗu kowace tafiya.

Hanyar Keffi ta fi sauran wahala saboda dalili mai sauƙin ganewa: ɗimbin jama'a ne ke bin hanya ɗaya tilo, kuma duk sai sun matse ta tsakanin Mararraba da gadar Nyanya. Shi ya sa mazauna can da yawa ke fita da an sallame sallar asuba. Dillali ba zai kai ka ganin gida da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin ba. Ranar Asabar da hantsi zai kai ka, lokacin da hanya ta yi fayau, ka ce ai wurin ba nisa. Saboda haka kafin ka biya ko kwabo, ka je ƙofar gidan ranar aiki, a daidai lokacin da za ka riƙa fita, ka hau abin da za ka riƙa hawa, ka duba agogo, ka rubuta abin da ka kashe. Da yamma ka sake yi daga wurin aiki zuwa gidan, domin kuɗin mota na yamma yakan ɗara na safe, kuma idan hadari ya haɗo sai direbobi su ƙara. Kada ka manta da guntun da ke tsakanin bakin titi da gida. An hana acaɓa a tsakiyar birni tun 2006, amma a unguwannin gefe shi ne ke shiga da kai lungu, kuma wannan ɗan guntun na iya cin kusan abin da doguwar tafiyar ta ci.

Ga yadda ake lissafin. Adadin da za mu kawo misali ne kawai, kowa ya sa na gaskiya da ya samo da ƙafarsa. A ce an sa maka gida mai nisa a kan naira 600,000 a shekara, kuɗin motarka zuwa da dawowa 3,000 a rana. Wani gidan kuma kusa da aiki 1,200,000, motarsa 1,000 a rana. Ranakun aiki 22 a wata, wato 264 a shekara. Na nesa zai ci 792,000 a mota, jimilla 1,392,000. Na kusa zai ci 264,000, jimilla 1,464,000. Gidan da ka ɗauka rabin kuɗi ne, bambancinsu bai wuce 72,000 a shekara ba, wato 6,000 a wata. Idan kuma na nesan yana ƙara maka awa uku a hanya kowace rana, awa 792 ke nan a shekara, daidai da kwana 33 cur a cikin mota. Gaskiya ne na kusa ya fi nauyi a shekarar farko, tunda kuɗin ejan da na lauya suna bin girman haya ne, kuma ba kowa ke iya tara miliyan a dunƙule ba. Amma gara mutum ya zaɓi na nesa yana sane da abin da ya zaɓa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk lissafin haya da babu kuɗin mota a ciki lissafin banza ne. Kuma idan matar gida tana aiki, ko yara za su hau mota zuwa makaranta, sai a ninka.

Jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ya dawo aiki a 2024, yana taɓa Idu da filin jirgi da Kubwa. Yana da amfani ga wanda gidansa da wurin aikinsa duka suke kusa da tasha. In sai ka hau mota biyu kafin ka kai gare shi, cire shi daga lissafi.

Wani abin da baƙi ba su cika sani ba: ba duk inda ake kira Abuja ne Abuja ba. Mararraba, Ado da Masaka suna ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa. Suleja da Madalla na jihar Neja ne. Wannan ba aibu ba ne, kuma a wuraren nan Bahaushe zai tarar da 'yan'uwa da masallatai da abincin da ya saba. Sai dai ya sani cewa rundunar 'yan sandan da zai kai wa ƙara, da kotun da za ta saurari rikicinsa da mai gida, da hukumar makarantar 'ya'yansa, duk na jihar ne.

Sai ruwa. Madatsar Usuma da ke wajen Ushafa ita ke ba birnin ruwan famfo, amma bututunta bai kai unguwanni da yawa na gefe ba. A irin waɗannan wurare ko dai gidan yana da burtsatse, ko kuma rayuwarka tana hannun 'yan ga-ruwa. Iyali mai mutum shida zai iya shan jarka takwas mai lita 25 a rana, tsakanin wanka, wanki, girki da banɗaki. In jarka tana naira 100, ka kashe 24,000 a wata, 288,000 a shekara, kuma farashin yakan hau a watannin Maris da Afrilu lokacin da rijiyoyi ke ja baya. Idan an ce maka akwai burtsatse, kada ka tsaya a nan. Ka tambaya wa ke biyan wutar da ake tura ruwa tanki da ita, sau nawa ake turawa a mako, wa ke gyara famfon in ya ƙone, kuma yana kafewa da rani ko ba ya kafewa. Ka buɗe famfon kicin da na banɗaki da hannunka. Ka dubi nisan rijiya ko burtsatse da ramin masai. Abin da ake so shi ne kimanin mita 30, kuma a gidajen da aka cusa ɗakuna a ƙaramin fili sau da yawa ba ya kai rabin haka. Daga nan taifot da gudawar yara ke fitowa, kuɗin asibiti kuwa shi ma kuɗin unguwa ne.

Wutar lantarki ta canza fuska tun watan Afrilun 2024. Dama tun kafin nan an raba masu amfani da wuta rukuni-rukuni gwargwadon awannin da ya kamata su samu a rana: Band A awa 20 zuwa sama, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A wancan watan hukumar NERC, mai kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta ɗaga farashin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta amma bai sauko ƙasa da 200 ba, sauran rukunan kuwa aka bar su a tsohon farashinsu, wanda yake wajen kashi ɗaya bisa uku na wancan. Ma'ana, gidan da ke shan yunit 200 a wata zai biya sama da 40,000 a Band A. Ga tela ko mai sayar da ƙanƙara da ke aiki a gida, wannan ya fi masa sayen fetur a janareta. Ga wanda ke fita da asuba ya dawo da isha, nauyi ne. Don haka ka nemi ganin rasit na katin wuta na ƙarshe, ka ga yunit nawa kuɗin suka saya. Ka tabbata mita mai kati ce, kuma taka ce kai kaɗai. Mitar haɗaka ita ce uwar rigimar 'yan haya, domin mai hita da dutsen guga da mai ƙwan fitila biyu ba za su taɓa yarda da rabo ba. Ka kuma ɗauki lambar mitar ka je ofishin kamfanin rarraba wuta a duba ko akwai tsohon bashi a kanta, tunda idan akwai, duk sanda ka sayi kati za a riƙa zaftare wani abu. Tambayar ƙarshe ga maƙwabta: taransifomar layin ta taɓa lalacewa, wata nawa ta yi a kwance, kuma nawa aka sa wa kowane gida kafin a gyara?

Yanzu batun tsaro, wanda a nan ne muka fi son mai karatu ya natsu. Babu wanda zai iya ba ka jerin unguwanni ya ce waɗannan lafiya, waɗancan babu lafiya, ya kuma yi gaskiya. A cikin unguwa guda, layi ɗaya na barci da ido biyu rufe, na bayansa ba ya runtsawa. Haɗarin ma iri-iri ne, kuma kowanne da inda yake zama.

Garkuwa da mutane ta fi taɓa bakin gari, inda gidaje ke ƙarewa duwatsu da daji su fara. A ƙarshen 2023 da farkon 2024 yankin Bwari, wanda ke iyaka da Kagarko ta jihar Kaduna da Tafa ta jihar Neja, ya sha hare-hare, har aka shiga gidaje a Sagwari da ke Dutse aka kwashi mutane. Ba muna cewa a guji Bwari ko Dutse ko Kuje ba, dubban iyalai na zaune a cikinsu lafiya. Abin da muke cewa shi ne a dubi inda gidan ya faɗo a cikin unguwar. Sababbin gidaje masu kyau da araha galibi a ƙarshen layi suke, kuma arahar tasu ba banza ba. Ka zagaya bayan gidan. In ka ga daga katangarsa sai gona, sai dutse, sai hanyar ƙafa da ta shige daji, ka san cewa mai shigowa da dare yana da hanyar zuwa da ta komawa ba tare da ya bi ta gaban kowa ba. Tsohon gida a tsakiyar jama'a, ko da fentinsa ya koɗe, ya fi mana sabon gida a bakin dutse.

Ɓarayin gida su kuma kango suke so. Ka ƙirga gine-ginen da ba a gama ba da filayen da ciyawa ta rufe a layin. Ka lura ko akwai mutane a gidajen da rana, domin rukunin gidajen da kowa ke ficewa aiki ya bar shi shiru daga safe zuwa magariba ya fi fuskantar fasa ƙofa da tsakar rana fiye da layin da ke da mai shago, da tela, da tsofaffi a ƙofar gida. Ka tsaya cikin ɗakin kwana ka gwada kiran waya da layukanka duka. Gidan da sai ka fita tsakar gida kake samun sabis ba za ka iya neman agaji daga cikinsa ba. Ka duba hanya nawa ke fita daga unguwar. In ɗaya ce kuma ta bi ta kan ƙaramar gada, ranar da ruwa ya shafe gadar ko wani abu ya faru, kun zama a kulle. Ka san inda ofishin 'yan sanda mafi kusa yake, ka auna minti nawa ne a mota, ka kuma tambaya ko motarsu na iya shiga layinku da damina.

Haɗari na uku ba a unguwa yake ba, a hanyar zuwa gare ta yake. 'Yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja a mota kamar ta haya su yi masa fashi, sun fi samun wanda ke tsaye shi kaɗai a bakin titi da duku-duku ko bayan isha. To unguwar da ke tilasta maka fita ƙarfe biyar na asuba da dawowa tara na dare, kana canjin mota a ƙarƙashin gada, ta jefa ka cikin wannan haɗari sau biyu a rana, ko da ita kanta lafiya lau take. Unguwar da ke da tasha sananniya, mai 'yan kamasho da motocin da aka san direbobinsu, ta fi wadda sai dai ka tsaya ka ɗaga hannu. Ga mace mai fita aiki, wannan ya kamata ya zo gaba da kyan gida.

Wa za a tambaya? Kowa ban da wanda zai ci kamasho. Dillali, ko da mutumin kirki ne, abincinsa na cikin ka biya. Ka koma unguwar kai kaɗai. Ka yi sallar magariba a masallacin layin, ka gaisa da liman, ka zauna wurin mai shayi, ka sayi wani abu a kemis da shagon kusa, ka hau acaɓa ka ja shi da hira. Kada ka ce "unguwar nan lafiya kuwa?", don amsar da za ka samu ita ce "lafiya lau, alhamdu lillahi", ko da jiya aka yi fashi, mutanenmu ba sa son ɓata sunan wurinsu a gaban baƙo. Ka yi tambayar da ke buƙatar amsa takamaimai. Yaushe rabon da a shiga gidan wani a layin nan? Ƙarfe nawa ake rufe ƙofar layi? 'Yan sintiri nawa ne, nawa kowane gida ke biya a wata, kuma ana biya kuwa? Wanda ya tashi daga wannan gida, shekara nawa ya yi, me ya tashe shi? Idan mutum uku a jere suka zauna shekara ɗai-ɗai suka tashi, akwai dalili. Sannan ka dawo da ƙarfe tara ko goma na dare ka gani da idonka: akwai haske, akwai mata da yara a waje, ko kuwa matasa ne a gindin kango ana busa hayaƙi? A nan ne kuma za ka ji ko akwai mashaya ko gidan rawa a bayan katanga, abin da rana ba za ta taɓa nuna maka ba. In da hali ka zo da uwargida ko wata 'yar'uwa ta shiga ta gaisa da matan gidan. Abin da za su faɗa mata a minti goma game da ruwa, da banɗaki, da halin mai gida, kai ba za ka ji shi a wata ba. Ita ce ma za ta wuni a gidan.

Akwai asara iri biyu da ke cinye hayar shekara a dare ɗaya, ambaliya da rusau. Abuja gari ne na tuddai da rafuka, kuma an yi gine-gine da yawa a kan hanyar ruwa. Lokogoma ta sha ambaliya ba sau ɗaya ba, kuma a watan Yunin 2023 ruwa ya mamaye gidaje masu yawa a rukunin Trademore da ke Lugbe. Waɗannan ba unguwannin talakawa ba ne, don haka tsadar gida ba ta nuna ya tsira. Wanda ya zo neman gida a Agusta ko Satumba ya yi sa'a, ya je bayan an ɗauke ruwan sama ya gani. Wanda ya zo da rani sai ya karanta alamu: sabon fenti a ƙasan bango kawai, layin laka a jikin katangar maƙwabta, dokin ƙofa da aka ɗaga da bulo ɗaya ko biyu, buhunan yashi a bakin get, ledoji da tsummoki maƙale a rassan bishiya ko waya sama da gwiwa, warin rima a ɗaki, fenti na kumbura yana zubowa. Ka tsaya a titi ka duba ko daɓen gidan ya fi titin tudu ko ya fi shi kwari. Ka bi magudanar ruwan layin har ka ga inda ta ƙare. Da yawa suna ƙarewa ne a katangar wani.

Rusau kuwa tsohon labari ne a wannan birni. An ga mai yawa a zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke minista, daga 2003 zuwa 2007, kuma bai tsaya ba har yau. Tushen abin shi ne ƙasar babban birnin tarayya tana hannun gwamnatin tarayya, minista ne ke ba da fili. Takardar da wani basarake ko mai unguwa ya rubuta wa mai gida ba ta hana katafila. Gidajen da suka fi araha a kusa da tsakiyar gari sau da yawa a irin wannan fili suke, a ƙauyukan da birni ya cim musu. In an zo rushewa, mai gida ya riga ya ci hayarsa ta shekaru, ɗan haya ne ke kwana a waje da kayansa da sauran wata takwas da ya biya. Ka duba bangayen layin ko akwai jan gicciye ko rubutun hukumar kula da gine-gine, har da wanda aka shafe da fenti. Ka guji gidan da ke bakin rafi, ko kan hanyar da aka shata ba a gina ba, ko ƙarƙashin manyan wayoyin wuta. Ƙa'ida ita ce a bar mita 25 kowane gefe na layin 330kV, mita 15 na 132kV. Ka tambayi mai gida wace takarda yake da ita. Idan haya ce mai nauyi, lauya na iya bincika fili a ofishin AGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filayen Abuja. Idan talauci ya sa dole sai irin wannan wuri, to a roƙi biyan wata shida-shida, kada a ba da na shekara biyu ko an yi ragi.

Asibiti, makaranta da kasuwa ba sa buƙatar dogon bayani. Ka san babban asibitin gwamnati mafi kusa, ko na Kubwa ne, ko Nyanya, ko asibitin koyarwa na Gwagwalada, ka tambayi kanka yadda za ka kai mai naƙuda can ƙarfe biyu na dare. Ka tambayi kuɗin makarantar boko da Islamiyya kafin ka biya haya, don a wasu rukunin gidaje babu ta gwamnati a kusa. Kusanci da kasuwa irin ta Karmo, Gosa, Dei-Dei ko Zuba yana rage kuɗin cefane sosai.

Ranar biya ita ce ranar da ake yi wa baƙi damfara. Kuɗin da ake faɗa maka da farko ba shi ne za ka biya ba. A bisa al'adar garin ana ɗora kashi goma cikin ɗari na ejan, sau da yawa da wani kashi goma ko biyar na lauya, sai kuɗin ajiya saboda ɓarna, sannan a rukunin gidaje akwai kuɗin hidima na shekara domin masu gadi, shara da ruwa. Ka ce a rubuta maka jimillar komai a takarda ɗaya. A ra'ayinmu, idan haya da mota da ruwa da wuta suka haura rabin abin da ke shigo maka a shekara, gidan ya fi ƙarfinka, ko da ka iya tara kuɗin shiga, domin shekara mai zuwa na nan tafe kuma haya ba ta cika sauka ba. Kada ka tura kuɗi saboda hoton da ka gani a Facebook ko WhatsApp. Kada ka yarda da "wani na zuwa da kuɗi yau da yamma". Da wannan magana ake karɓar kuɗin mutum biyar a kan ɗaki ɗaya. Ka ga mai gida ido da ido, ko lauyansa, ko mai kula da gidan da tsofaffin 'yan haya suka shaida cewa shi suke ba kuɗi. Ka biya ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan yarjejeniya, ka karɓi rasit mai adireshin gida da ranar farawa da ranar ƙarewa. Duk gyaran da aka yi alkawari, a yi shi kafin ka biya, ko a rubuta cewa za ka yi a cire daga haya; alkawarin baki yakan mutu ranar da kuɗi suka shiga.

Ka karanta sashen notis a yarjejeniyar da kyau. A dokar karɓar gida da ke aiki a babban birnin tarayya, idan ba a rubuta wani abu daban ba, mai hayar shekara yana da notis na wata shida, mai hayar wata yana da na wata ɗaya, bayan nan kuma sai an ba shi wani na kwana bakwai kafin a je kotu. Amma abin da ka sa wa hannu shi kotu za ta fara dubawa, kuma lauyoyin masu gida sukan rage wata shidan nan zuwa ɗaya ko uku. Nan ne wurin ciniki, tun kafin sa hannu.

Saboda duk wannan bincike ba ya yiwuwa a kwana biyu, shawararmu ga mai iyali ita ce ya fara zuwa shi kaɗai, ya sauka wurin ɗan'uwa ko abokin aiki na mako uku ko huɗu, ya zaɓi unguwa biyu ko uku a ɓangaren aikinsa ya taka su da ƙafa. Ranar da ya karɓi makulli, kafin ya shigar da ko tabarma, ya ɗauki hoton kowane ɗaki, da bango, da tagogi, da famfuna, da adadin da ke kan mita, ya tura wa mai gida ta waya don ya zama shaida ranar neman kuɗin ajiya. Ya canza kwaɗon ƙofar waje da na ɗakuna a ranar. Washegari ya je ya gabatar da kansa wurin mai unguwa ko shugaban ƙungiyar mazauna layin, ya biya kuɗin sintiri, ya karɓi lambar shugaban 'yan sintiri da ta ofishin 'yan sandan yankin, ya sa su a wayarsa da ta uwargida tare da lambar gaggawa ta 112.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu masu harkar gidajen haya, Abuja.